Kansar Kaluluwa a Saman Ƙoda Ga Masu Shan Maganin Amosanin Gaɓɓai: Yadda Za a Gane Ta da Abin da Za a Yi

A bazarar da ta gabata wata gwaggona da ke zaune a unguwar Mabera a Sakkwato, wadda ta shekara 9 tana fama da amosanin gaɓɓai, ta saurari wani saƙon murya da aka turo wa jikarta a waya, inda wani mutum da bai faɗi sunansa ba yake rantsuwa cewa ƙwayar da likitoci ke ba masu wannan ciwo tana jawo kansa. Ba ta shawarci kowa ba, ta tattara magungunanta gaba ɗaya ta ƙulle a leda ta tura ƙarƙashin gado. Bayan kwana 4 muka same ta kwance a tabarma tana amai, ko zama ta yi sai jiri ya kwashe ta. Na ce, "Gwaggo, ina maganinki?" Ta ce, "Ɗan nan, gara ciwon hannu da ciwon daji." A asibiti aka tarar awon jininta ya faɗi ƙasa ƙwarai, aka yi mata allura da ƙarin ruwa, Allah ya sa ta farfaɗo. Duk binciken da aka yi bai nuna kansa ba. Abin da ya kusa tafiya da ita shi ne barin ƙwayar firedinisolon mai kwantar da kumburi farat ɗaya bayan ta shekara da shekaru tana sha.

Abin da ke sa irin wannan saƙo yin ɓarna shi ne akwai ƙanshin gaskiya a cikinsa. Likitoci sun daɗe da sanin cewa wasu 'yan tsiraru daga cikin masu shan maganin amosanin gaɓɓai kan kamu da kansar kaluluwa, wadda ake kira limfoma, kuma a cikin tsirarun nan akan sami wanda ta ɓullo masa a wata 'yar halitta da ke saman ƙoda, inda ido ba ya gani kuma hannu ba ya taɓawa. Mai shan maganin da mai jinyarsa suna bukatar su san alamun wannan matsala, su san ƙwayar da likita zai tsayar idan ya yi zarginta, su kuma san ƙwayar da ba a tsayarwa haka kawai ko da me aka ji.

Ciwon da ƙwayar mako-mako

A Sakkwato kusan duk ciwon gaɓa sunansa sanyin ƙashi, amma wanda ake magana a kansa a nan shi ne amosanin gaɓɓai da likitoci ke kira rumatoyid, inda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa shimfiɗar da ke cikin gaɓa. Yakan kama yatsun hannu da wuyan hannu da yatsun ƙafa, dama da hagu a tare, kuma da safe gaɓɓan kan sandare fiye da rabin awa, har mace ta kasa riƙe buta ta yi alwalar asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ke ɗauke da shi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne.

Babban maganinsa shi ne metotireksat, wanda a jikin kwali ake rubuta shi Methotrexate. An samar da shi a ƙarshen shekarun 1940 don kansar jini, daga baya aka gano cewa kaɗan daga cikinsa yana kwantar da amosanin gaɓɓai, hukumomin Amurka kuma suka amince da shi don wannan aiki a 1988. Sau ɗaya ake shan sa a mako, yawanci tsakanin miligiram 7.5 da 25, kuma da yake ƙwayar da aka fi samu mai miligiram 2.5 ce, wanda aka rubuta wa miligiram 15 zai haɗiye guda 6 a rana ɗaya, sannan ya huta sai wani makon. Ana haɗa masa ƙwayar bitamin ta folik asid da zai sha a wata rana dabam. Shan metotireksat kullum kuskure ne da ke kashe mutum, kuma a zahiri wannan kuskuren ya fi kansar kusa da majinyatanmu. Haka nan haɗa shi da Septrin, wanda kusan kowane kemis ke bayarwa don tari ko gudawa, yana iya durƙusar da ɓargo ya daina samar da jini, kuma Fansidar na zazzaɓin cizon sauro ma daga wannan dangi yake. Mai ciki da mai neman haihuwa ba sa shan sa.

Daga ina haɗarin yake fitowa

Abin da saƙon muryar bai faɗa ba shi ne cewa amosanin gaɓɓai shi kansa, ko ba a sha komai ba, yana ninka haɗarin kansar kaluluwa kusan sau 2 idan aka kwatanta da sauran jama'a. Wani bincike da aka yi a ƙasar Suwidin aka wallafa a 2006, wanda ya bi bayanan masu amosanin gaɓɓai 378 da suka kamu da limfoma, ya nuna cewa waɗanda ciwonsu ya fi zafi kuma ya fi daɗewa yana ruruwa su ne haɗarinsu ya fi na kowa nesa ba kusa ba. Ma'ana, kumburin da aka bari yana ci shekara da shekaru shi ne babban itacen wutar, kuma wanda ya jefar da maganinsa don tsoron kansa yana iya kasancewa ya gudu daga ruwa ya faɗa rijiya.

Duk da haka maganin yana da nasa hannu a kan wasu mutane. A 1991 aka fara wallafa rahoton mai amosanin gaɓɓai da ya kamu da limfoma yana cikin shan metotireksat, a 1993 kuma aka ba da labarin majinyatan da kansar tasu ta lafa da kanta bayan an tsayar da maganin kawai. Wannan lafawar ita ce babbar shaidar da ta gamsar da likitoci, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa irin waɗannan cututtuka gurbi na musamman a rabe-rabenta na kansar jini da kaluluwa. Da yawa daga rahotannin da aka tara tun daga lokacin daga Japan suka fito.

Yadda abin ke faruwa yana da alaƙa da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964 a cikin naman kansar muƙamuƙin yara da Dakta Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna ɗauke da ita, galibi tun suna yara, tana kwance shiru a cikin fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosayit, garkuwar jiki tana gadinta. Idan magani ya rage ƙarfin mai gadin, a jikin wasu mutane ƙwayoyin da ta shiga sukan fara hayayyafa babu birki har su zama ƙari. Ana samun sawun wannan ƙwayar cuta a kusan rabin irin waɗannan limfoma, kuma su ne suka fi saurin lafawa idan an janye maganin. Wani abin lura kuma shi ne wannan nau'in yana yawan fitowa a wajen kaluluwa, kamar a dasashi da fata da huhu da hanji, wani lokaci kuma, da wuya ƙwarai, a saman ƙoda.

Hular ƙoda

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira adirinal, tana zaune kamar hula a kai, nauyinta kusan giram 5 ne, don haka a nan za a kira ta hular ƙoda. Ƙanƙantarta kada ta ruɗi kowa. Ita ke samar da sinadarin kotizol, wanda ke riƙe awon jini da sukarin jiki musamman a lokacin zazzaɓi ko rauni ko tiyata, ita ke samar da aldostiron mai hana gishiri da ruwa zubewa ta fitsari, daga tsakiyarta kuma adirinalin ke fitowa, wanda ke sa gaba ya faɗi idan an razana.

Limfomar da ke farawa a nan ba ta kai kashi 1 cikin 100 na manyan nau'o'in limfoma ba. Wani nazari da aka wallafa a 2013, wanda ya tattara bayanan mutum 187 daga rahotannin duniya, ya nuna cewa kusan 7 cikin 10 hulunan biyu ne suka kamu a tare, mafi yawansu maza ne masu shekaru wajen 60, kuma nau'in da ya fi yawa shi ne mai saurin girma na manyan ƙwayoyin B, wani rukuni na limfosayit. Wannan adadi ya haɗa har da waɗanda ba su taɓa shan metotireksat ba, saboda haka waɗanda maganin ya jawo wa kaɗan ne daga cikin kaɗan. Haɗarinta biyu ne: kansar da kanta, da kuma gazawar hulunan, domin idan kusan kashi 90 cikin 100 na namansu ya lalace jiki ba zai ƙara samun isasshen kotizol ba. Gazawar ce ke kashewa da gaggawa, tun kafin a san sunan cutar.

Alamun da za a sa wa ido

Alamun kansar kaluluwa da aka saba kirgawa guda uku ne: zazzaɓi da ke haura digiri 38 yana tafiya yana dawowa babu dalilin da aka gano, gumin dare mai jiƙa zanen gado, da ramar da ta kai kashi 10 cikin 100 na nauyin mutum a cikin wata 6. Matsalarmu a nan ita ce kowace daga cikinsu tana da bayanin da ya fi sauƙin karɓa. Zazzaɓi sunansa maleriya, idan bai tafi ba ya koma taifot, idan ya ƙi ya koma ciwon shawara. Gumin dare kuwa, a watan Afrilu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kuma babu wuta, wa zai tsaya yi masa tambaya? Hanyar bambancewa ita ce a lura da lokacin da sauran mutanen gida ba sa gumi: wanda ke tashi sharkaf a tsakiyar hunturu, ko a ɗakin da kowa ya ja bargo, guminsa ba na yanayi ba ne. Batun zazzaɓi kuma, ƙa'idar da ta dace da mai shan metotireksat ita ce kada ya sha maganin maleriya sai an yi gwaji, idan kuma ya sha cikakke zazzaɓin bai tafi ba, ko ya dawo cikin mako 2, ya koma wurin likitan da ya rubuta masa maganin, ba kemis ba. Rama kuwa sai da sikeli ake tabbatar da ita, don haka a hau sikeli ɗaya sau ɗaya a wata a rubuta a littafi. Mace mai kilo 60 da ta koma 54 ba tare da ta rage ci da gangan ba ta kai iyakar da ake magana.

Sau ɗaya a wata, lokacin wanka, a shafa gefen wuya da saman ƙashin wuya da hammata da matsematsi. Kaluluwar da ciwon ƙafa ko na haƙori ke tayarwa tana da zafi kuma takan sace cikin 'yan kwanaki, amma wadda ba ta ciwo, mai tauri kamar roba, da ta wuce mako 3 ko take ƙara girma, ita ce abin kai wa likita. Gyambon baki ma yana bukatar hankali, domin metotireksat yana sa ƙurajen baki na yau da kullum da ke warkewa, amma gyambo guda mai zurfi a dasashi ko harshe da ya ƙi warkewa yana iya zama wannan cuta.

Sai dai idan a hular ƙoda ta fara, sau da yawa babu kaluluwar da za a taɓa. Abin da ake ji shi ne nauyi ko ciwo a kwiɓi ko tsakiyar baya, sannan alamun rashin kotizol su biyo sannu a hankali: gajiyar da barci ba ya kawarwa, rashin son abinci, tashin zuciya, amai, jiri idan an miƙe tsaye, da kwaɗayin gishiri har mutum ya riƙa lasar dunƙulen magi. Dattijon da ya shekara yana shan maganin hawan jini, kwatsam aka ga awonsa ya sauka har ana murna ya warke, alhali yana ramewa, ya kamata a yi masa kallo na biyu. Wanda ke da na'urar awo a gida ya auna a kwance, ya miƙe ya jira minti 3 ya sake aunawa, idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye ya rubuta ya kai wa likita.

Akwai kuma duhun fata, wanda Dakta Thomas Addison ya bayyana a Ingila tun 1855. A jikin baƙar fata ba a cika ganinsa a fuska ba, don haka a duba layukan tafin hannu da dasashi da harshe da cikin kumatu da tsofaffin tabo. Lalle yana rufe layukan tafin hannu, goro kuma yana rina baki, saboda haka mace ta dakata da ƙunshi, mai cin goro ya wanke baki sosai, kafin ranar ganin likita.

Idan amai ya ƙi tsayawa, mutum ya kasa zama, hankalinsa ya fara gushewa ko jikinsa ya yi sanyi, ba a jiran ranar asibiti kuma ba a jiran gari ya waye. A kai shi sashen gaggawa mafi kusa, a faɗa wa ma'aikata a fili cewa yana shan metotireksat da firedinisolon kuma ana tsoron gazawar adirinal. Maganin wannan yanayi allurar haidirokotizon ce, mai maye gurbin kotizol, miligiram 100 da ƙarin ruwan gishiri ta jijiya, kuma ba a jinkirta ta don jiran sakamakon gwaji. Wanda ke Illela ko Tambuwal ko Isa ya fara samun wannan a babban asibitin garinsa kafin ya hau hanya.

Ƙwayoyi biyu, hukunci biyu

Yawancin masu amosanin gaɓɓai a wajenmu suna shan ƙwayoyi biyu tare, metotireksat na mako-mako da firedinisolon na kullum, kuma dukansu ƙanana ne da tsohuwa za ta iya ruɗewa a kansu. Hukuncinsu ya sha bamban. Metotireksat ana iya tsayar da shi rana ɗaya ba tare da jiki ya durƙushe ba, iyaka ciwon gaɓɓai ya dawo bayan makonni, kuma idan likita ya yi zargin limfoma abu na farko da zai yi ke nan. Wanda ya ga manyan alamu kuma ranar shan ƙwayarsa ta zo kafin ya samu likita, jinkirta ta na kwana biyu ko uku har a duba shi ba zai cutar da shi ba.

Firedinisolon kuwa ɗan'uwan kotizol ne. Idan mutum ya sha shi fiye da mako 3 ko 4, hulunan ƙodarsa sukan ga an ɗauke musu aiki su yi barci, kuma ba sa farkawa rana ɗaya. Wannan shi ya faru da Gwaggo. Ga wanda kansa ta riga ta cinye masa hulunan kuwa, ƙwayar nan tana iya kasancewa ita kaɗai ke riƙe da shi ba tare da kowa ya sani ba, domin tana rufe alamun gazawar. Likita kaɗai ke rage ta, kaɗan-kaɗan. A kuma sani cewa haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙulla wa mutane a leda, da ƙwayoyin ƙiba da wasu mata ke sha, sau da yawa suna ɗauke da firedinisolon ko ɗan'uwansa desametazon, don haka a kai wa likita duk abin da ake sha, har da na gargajiya, cikin kwalayensu da ledojinsu, ba tare da kunya ba.

A gaban likita a faɗi shekarar da aka fara metotireksat, ƙwaya nawa ake sha, wace rana, da ranar da kowace alama ta fara. Babu laifi mai jinya ya ce, "Likita, don Allah ko wannan rama da zazzaɓin na Inna suna da alaƙa da maganin nan?" Tambayar tana da amfani, domin likitan da ya ga masu zazzaɓi hamsin tun safe ba lallai tunaninsa ya kai ga cutar da wataƙila bai taɓa gani da idonsa ba.

Gwaje-gwaje bi da bi

Ana farawa da jini: ƙidayar ƙwayoyin jini, aikin hanta da ƙoda, gishirin jini, da wani sinadari mai suna LDH da kan hau idan limfoma tana girma. Sodiyam ya sauka, fotasiyam ya hau, sukari ya yi ƙasa, wannan haɗin yana nuni ga hular ƙoda. Ana ɗibar jinin kotizol da safe tsakanin ƙarfe 8 da 9, kuma dole a gaya wa likita ana shan firedinisolon domin yana rikita sakamakon, shi ne zai tsara yadda za a yi. Sikanin ciki na iya hango babban ƙari a saman ƙoda, amma hoton CT ne ke nuna girmansa da ko ɓangarorin biyu ne da ko akwai wasu a ƙirji da ciki. A jiharmu irin wannan bincike yakan kai mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake da likitocin jini da sashen kula da masu kansa, don haka a nemi takardar turawa tun da wuri.

A nan ne ake bukatar haƙuri, domin kumburin hulunan ƙoda biyu a ƙasarmu ya fi yawan zama tarin fuka, wanda har yanzu yana cikin manyan dalilan gazawar adirinal a ƙasashe masu tasowa, kuma shi ma maganin da ke rage garkuwa yana tayar da shi. Zazzaɓinsa da guminsa da ramarsa iri ɗaya ne da na limfoma. Gwajin majina da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma ya dace a yi. Abin da ba na so shi ne a ɗora mutum a kan maganin tarin fuka wata da watanni bisa zato kawai, ba tare da an ga sauƙi ba kuma ba a sake bincike ba. Ga mai raunin hular ƙoda akwai ƙarin haɗari, domin rifamfisin da ke cikin maganin yana sa hanta ta yi saurin ƙona kotizol, har ta jefa shi cikin halin gaggawa idan ba a ƙara masa ba.

Hukuncin ƙarshe yana wurin naman da aka ciro. Idan akwai kaluluwa a wuya ko hammata, ciro ta gaba ɗaya ya fi tsotso da siririyar allura. Idan babu, ana shigar da allura mai ciro ɗan nama zuwa hular ƙoda ana kallo ta na'ura, amma kafin nan sai an yi gwajin jini ko fitsari don tabbatar da cewa ƙarin ba irin mai fitar da adirinalin ba ne, domin sokar wannan yana iya harba awon jini zuwa matakin halaka. Mutanenmu suna tsoron wannan mataki, ana cewa idan ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu, amma limfoma cuta ce ta ƙwayoyin da dama yawo suke a jini, kuma babu likitan kirki da zai fara ba da maganin kansa bai ga nama ba. A roƙi a yi wa naman gwajin da ke tantance nau'in ƙwayoyin, musamman alamar CD20 da ke jikin ƙwayoyin B, da na sawun Epstein-Barr, ko da sai an aika shi wani gari kuma sakamakon ya ɗauki makonni.

Bayan an tabbatar

Idan mutum yana cikin hayyacinsa kuma ƙarin ba ya gudu, likitoci kan tsayar da metotireksat su sa ido. A rahotannin da aka tara, kusan rabin majinyata, a wasu ma fiye, ƙarin ya ragu ko ya ɓace ba tare da maganin kansa ba, kuma galibi ana fara ganin sauyin cikin mako 2 zuwa 4. Wannan jira ba zaman gida ba ne, ana maimaita jini da hoto, kuma dawowar yawan limfosayit a jini alama ce mai kyau. Wasu da suka lafa sukan dawo bayan watanni ko shekaru, don haka bibiya ba ta ƙarewa da ɓacewar ƙari, kuma ba a komawa kan metotireksat.

Idan bai lafa ba, ko ya zo da ƙarfi kamar yadda na hular ƙoda ya saba, ana ba da haɗin magani biyar da ake kira R-CHOP, sau ɗaya duk kwana 21, yawanci zagaye 6. Tiyatar cire hulunan ba ita ce maganin ba. Kafin a fara dole a yi gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a yankinmu, domin rituksimab da ke cikin haɗin yana iya tayar da shi, haka nan da gwajin HIV da na ƙarfin zuciya. Limfomar da ta taɓa hular ƙoda tana da halin komawa ƙwaƙwalwa, shi ya sa likita zai iya ƙara maganin kariya, wanda wani lokaci, abin mamaki, metotireksat ne mai yawa ta jijiya. Maganin yana da tsada, musamman rituksimab, kuma tsayawa a zagaye na 3 don kuɗi sun ƙare yana ɓata abin da aka riga aka kashe, don haka dangi su zauna su lissafa dukan zagayen tun farko, su tuntuɓi ofishin jin daɗin majinyata na asibiti da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Amosanin gaɓɓan kuma ba a barinsa haka, likita zai zaɓi wani magani, kuma rituksimab ɗin nan da kansa yana cikin waɗanda ake fifitawa ga wanda ya taɓa yin limfoma.

Wanda hulunansa suka gaza zai riƙa shan haidirokotizon, yawanci miligiram 15 zuwa 25 a rana a raba biyu ko uku, mafi yawa da sassafe, sau da yawa tare da fuludirokotizon mai riƙe gishiri, kuma galibi har ƙarshen rayuwa ko da kansar ta warke. Ranar zazzaɓi ana ninka haidirokotizon kamar yadda likita ya koyar, ranar amai da gudawa kuwa ƙwaya ba ta zama a ciki, sai allura. A watannin Maris zuwa Mayu gumi yana kwashe gishiri da ruwa, don haka a yawaita sha kuma kada a rage gishirin abinci. Azumi sai da shawarar likita tun kafin watan ya kama, kuma Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara.

A samu ɗan kati mai kauri a rubuta sunan majinyaci, sunan cutar, magungunan da yawansu, lambar wayar wani na kusa, da jimla ɗaya da Turanci wadda likita zai rubuta da hannunsa, mai cewa a yi wa wannan mutum allurar haidirokotizon miligiram 100 nan take idan an kawo shi a galabaice. Namiji ya sa shi a aljihun gaba tare da katin shaida, mace ta sa a jakar da take fita da ita unguwa, a ɗauki hotonsa a wayoyin mutum biyu na gidan, a kuma ajiye kwalbar allurar guda ɗaya da sirinji a inuwa, ana duba ranar lalacewarta duk bayan wata 6.